Lansir na ruwa a Kaduna: in dasa a ƙorama ko a tafkin kifi?

Mai Lambu, Rigachikun — 29 ga Satumba

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa ban taɓa sa baki ba, yau dai buƙata ta kawo ni.

Ina zaune a Rigachikun, can gefen gari inda gidaje suka fara tsinkewa. Daga katangar bayan gidana zuwa bakin wata 'yar ƙorama bai fi taku 30 ba. Da damina takan cika ta yi gudu har ta ci gaɓa. Daga Nuwamba sai ta fara ja da baya, zuwa ƙarshen Fabrairu ba abin da ke saura sai siririn ruwa yana bin tsakanin duwatsu. A cikin gida kuma ina da tafkin siminti guda 2 da nake kiwon tarwaɗa, ga rijiyar burtsatse da baƙin tanki a sama.

Ganyen da nake son shukawa Turawa na kiransa wotakires. Ni lansir na ruwa nake ce masa, domin abin da harshena ya gaya mini ke nan ranar da na fara cinsa.

Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce a Southampton, kudancin Ingila. Da ta haihu na je suna. Wata rana da dare ta ajiye mana abinci, gefe guda ga wani ɗanyen ganye ƙanana-ƙanana masu zagaye, kore shar. Na ɗauka irin salak ɗinsu ne marar ɗanɗano. Ina taunawa sai wani yaji ya hau mini hanci, irin yajin da ba na barkono ba. Na ajiye cokali. Marigayiya Innarmu ba ta barin sanyi ya wuce ba ta yi mana kwaɗon lansir ba, da ƙuli-ƙuli da tumatir da albasa da ɗan man gyaɗa, mu zagaye akushi a tsakar gida a Tudun Wadan Zariya. Ƙanwata ta dube ni ta ce, "Yaya, Inna ko?" Ita ma dalilin da ya sa take sayensa ke nan.

Da mijinta ya ga yadda abin ya shige ni, sai ya ɗauke ni a mota zuwa wani ƙaramin gari, Alresford, a yankin Hampshire, inda aka shahara da nomansa. Abin da na gani fangali ne dogaye masu faɗi, an shimfiɗa tsakuwa a ƙasa, ruwa garai-garai yana shiga ta wannan kai yana fita ta wancan, ganyen ya rufe saman ruwan kamar darduma. Ruwan daga ƙarƙashin dutsen alli yake ɓuɓɓugowa, na sa hannu na ji sanyi har ƙashi. Har layin dogo ke akwai a garin wanda a da yake kwasar ganyen zuwa kasuwannin Landan, kuma har yau da sunan ganyen ake kiran layin. Na dawo gida da ƙaramar fakitin iri guda 2.

Sau biyu ina gwadawa, sau biyu ina faɗuwa. Na farko a watan Maris ne. Na zuba ƙasar lambu a baho, na binne irin kamar yadda nake binne na alayyafo, na ajiye a rana ina ba shi ruwan tanki safe da yamma. Kaɗan suka tsiro, sirara kamar zare, cikin mako guda suka kwanta. Na biyu a watan Yuni, na samu wasu sun ɗan tasa a inuwa, sai na ɗauki kwandon roba na rataya shi a cikin tafkin tarwaɗa yadda gindinsa zai taɓa ruwa. Kwana 4 saiwar ta yi baƙi tana wari, ganyen ya yi rawaya. Fakiti ɗaya ya tafi ke nan, saura ɗaya, kuma ba na son in yi asararsa.

Yanzu zuciyata ta fi karkata ga ƙoramar, tunda a ruwa mai gudu na ga ana nomansa. Akwai wani lungu da ruwan ke ratsawa a hankali ƙarƙashin wata bishiyar ɓaure, ina ganin kamar don shi aka yi wurin. Tambayata, wane wata ya kamata in shuka a yanayinmu na Kaduna? In kai shi ƙoramar, ko in sake gwada tafkin ta wata dabara? Kuma akwai wanda ya taɓa ganin an noma shi a nan Arewa? Allah ya saka da alheri.

Hajiyar Unguwar Rimi — 29 ga Satumba

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta. Labarin nan ya taɓa ni, don ni ma kakata ce ta koya mini kwaɗon lansir, kuma 'ya'yana yanzu ko kallonsa ba sa yi.

Amma anya ba jarjir kake nufi ba? Wanda muke ci a Makka da Madina, ana ba da shi ɗauri-ɗauri tare da gasasshen kifi ko kaza. Shi ma yajinsa hanci yake hawa. In shi ne, ba ya buƙatar wata ƙorama. Na zo da irinsa daga Umra na watsa a tsohon bahon wanki lokacin sanyi, mako 4 muka fara tsinka. Na tambayi wani mai shago a can sunansa da Turanci, sunan nan da ka faɗa shi ya gaya mini.

Tsohon Malamin Gona, Mando — 30 ga Satumba

Salamu alaikum. Hajiya, ba ki yi nisa da gaskiya ba, 'yan gida ɗaya ne, amma ba shi ba ne. Ganye uku ne ake cakuɗawa. Lansir ɗinmu na fadama sunansa na kimiyya Lepidium sativum, shi ne mai jan irin nan da masu kayan ƙoli ke sayarwa da sunan algarif. Jarjir na Saudiyya Eruca sativa ne, ganyensa dogo mai tsage-tsage, a tudu yake fita. Wanda Alhaji ke magana kuwa Nasturtium officinale ne. Dukkansu dangin kabeji ne, kuma sinadarin da ke ba su yajin nan iri ɗaya ne a asali, ba ya tashi sai an tauna ko an yanka ganyen. Larabawa kansu sukan kira na ruwan da jarjir na ruwa, daga nan ruɗanin mai shagonki ya samo asali.

Alhaji, ba hannunka ba ne marar kyau, lokaci ne ka saɓa. Wannan ganye ɗan ƙasar sanyi ne, asalinsa Turai da yammacin Asiya. Ruwan da ka sa hannu a ciki a Alresford yana zama wajen digiri 10 zuwa 11 rani da damina. Kai kuma ka shuka a Maris, lokacin da zafin rana a Kaduna ke haura digiri 35, ka kuma shayar da shi da ruwan baƙin tankin da ya wuni a rana. Kusan ruwan wanka ka riƙa zuba masa. Ko ruwan burtsatse da ya fito kai tsaye daga ƙasa a nan wajenmu ba sanyi gare shi ba, ɗumi-ɗumi yake fitowa.

Damarmu ɗaya ce, hunturu. Ka shuka a makon farko ko na biyu na Nuwamba, lokacin da dare ya fara sanyi. Daga nan zuwa tsakiyar Fabrairu kana da wata 3 cur, kuma ya isa, domin daga iri zuwa yankan farko mako 6 zuwa 7 ne.

Kuskure na biyu binnewar. Irin nan ƙanana ne ƙwarai, ba a rufe su da ƙasa. Ka jiƙa ƙasar sharkaf, ka barbaɗa a sama, ka danna da tafin hannu, shi ke nan. Cikin mako 1 zuwa 2 za ka ga tsiro. Kada ka juye fakitin gaba ɗaya, ɗan abin da yatsa biyu suka ɗauka ya ishi mazubi guda.

Mutane na ɗauka dole sai rafi. Abin da saiwarsa ke nema ruwa mai tsabta, mai sanyi, mai iska a ciki. Gudun ruwa hanya ce kawai ta samar da waɗannan ukun. In kana iya canja masa ruwa kullum, ka yi masa aikin ƙorama da hannunka.

Da ni ne, kwatarniya zan nema wurin masu tukwane, ba bahon roba ba. Yumɓu yana tsatsafo da ruwa, iskar hunturu na busar da shi, cikin ya yi sanyi, hikimar randa dai da iyayenmu suka sani. Ka sami ƙananan tukwane ko kwanduna masu huji a gindi, ka cika su da yashin rafi wankakke da ruɓaɓɓen ganye, ka zaunar da su cikin kwatarniyar, ka zuba ruwa ya kai rabin tsayinsu. Ruwan da za ka zuba ya kwana a randa tukuna. Ka ajiye inda zai sha hantsi, kafin azahar inuwa ta rufe shi. Ka daka ɓawon ƙwai ka cakuɗa da yashin, domin shi ɗan ruwan alli ne, ba ya son ƙasa mai tsami. Kashin shanu ko na kaji kada ya kusance shi, tunda ɗanye za a ci.

In ya kama, ka huta da sayen iri a wannan kakar. Karansa rami ne a ciki, shi ya sa yake yawo a saman ruwa, kuma kowace gaɓa tana fitar da farar saiwa. Ka yanki reshe kamar tsayin yatsa ka tsoma a kofin ruwa, kafin mako ya zagayo ya yi saiwa. Wajen yanka kuma kada ka tuge, ka datse sama ka bar kamar yatsa uku a kwance, zai sake tofowa ya yi rassa.

Maganar ƙorama kuwa, akwai likitan dabbobi a zauren nan, ya fi ni sanin abin da ke cikinta. Ni dai abin da zan ce, ambaliyar Agusta da Satumba ba za ta bar maka ko saiwa ɗaya a lungun ɓauren nan ba.

Likitan Dabbobi, Kawo — 1 ga Oktoba

Na gode Malam da ka kira ni. Alhaji, don Allah ina roƙonka, kada ka dasa ganyen da za ka ci ɗanye a cikin ƙoramar nan. Tambaya ɗaya zan yi maka, shanu suna shan ruwa ko suna ƙetarawa a sama da gidanka? Ban san ƙoramarka ba, amma na san Rigachikun da kewayenta, zai yi wuya amsar ta zama a'a.

Na yi shekaru ina duba nama a mayanka. Abin da ya fi sa mu ƙwace hantar saniya mu hana sayar da ita shi ne tsutsar hanta. Duk mahaucin da ka tambaya ya san ta. Ka yanka hantar ka ga hanyoyin matsarmama sun yi kauri sun yi fari kamar bututu, ka matsa sai ga ta ta fito, shimfiɗaɗɗiya kamar ganye. Irin da ke ƙasarmu, Fasciola gigantica, takan kai santimita 7. Na sha ciro fiye da goma daga hanta ɗaya.

Ga yadda take zagayawa. Ƙwanta yana fita cikin kashin saniya ko tunkiya. In ya faɗa ruwa ya ƙyanƙyashe, ɗan abin da ya fito sai ya nemi wata 'yar ƙaramar katantanwar ruwa ya shige jikinta. A can yake hayayyafa, daga baya su fito da yawa su yi iyo su manne a jikin ciyawa ko ganyen da ke cikin ruwan, kowanne ya lulluɓe kansa da ɓawo ya zauna jiran mai ci. Ido ba ya ganinsu. Saniya ta ci ciyawar ta kamu. Mutum ya ci ganyen ɗanye, shi ma ya kamu. Tsutsar takan huda bangon hanji ta ratsa naman hanta har ta isa hanyar matsarmama ta zauna. Kuma a duniya ba ganyen da aka fi alaƙantawa da kamuwar mutane da wannan cuta kamar wannan da kake son shukawa, musamman wanda aka tsinko a rafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta aƙalla mutum miliyan 2.4 ne ke ɗauke da ita a ƙasashe sama da 70.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda take ɓuya. Zazzaɓi, ciwo a gefen dama ƙarƙashin haƙarƙari, kasala, wani lokaci shawara. A wajenmu mai irin waɗannan alamu maleriya ko taifot za a fara yi masa magani, a daɗe ana zagaye. Maganin tsargiya da aka saba rabawa, firazikwantal, ba ya kashe ta yadda ya kamata. Nata daban ne, tiriklabendazol.

Wanki ba ya raba ganyen da ita gaba ɗaya. Ruwan gishiri ko ruwan kal ba abin dogaro ba ne. Dafuwa ce ke kashe ta, to amma kai kwaɗo kake so, in ka dafa kuma yajin da kake nema ya tafi.

Ga kuma tsargiya. Ita wata katantanwar ce daban ke ɗauke da ita, kuma ba sai an ci komai ba, ta fata take shiga. In ka yi lambu a ƙoramar, kullum kai da yaranka kuna tsaye cikin ruwan. Sannan ganyen nan yana zuƙar abin da ke cikin ruwa, har da dalma da makamantanta, don haka duk ruwan da ya bi ta bayan gareji ko bola ko masana'anta bai dace da shi ba.

Dabarar kwatarniyar Malam ta kauce wa duk wannan, da sharaɗi biyu. Yashin rafin da za ka ɗebo ka shanya shi a rana ya bushe ƙayau, ko ka kwarara masa tafasasshen ruwa, kada ka shigo da katantanwa gidanka da hannunka. Kuma canjin ruwan nan kada a yi masa wasa, ruwan da ya yi kwanaki a kwatarniya gidan sauro ne.

Abu na ƙarshe, ganyen yana da bitamin K da yawa. Duk wanda likita ya ɗora a kan maganin tsinka jini irin su wafarin, ya tambayi likitansa kafin ya mai da shi abincin kullum.

Mai Lambu, Rigachikun — 2 ga Oktoba

Likita, Allah ya ba ka ladan wannan magana. Jiya bayan la'asar na bi ƙoramar sama da ƙafa. Ban yi tafiyar minti 10 ba na tarar da mashayar shanu, gaɓar duk sawun kofato da kashi. Na dawo lungun ɓauren na ɗaga wani ruɓaɓɓen reshe da sanda, ƙananan katantanwa ne manne a ƙasansa, sun fi ashirin. Jikina ya yi sanyi, domin a nan ƙaramin ɗana da abokansa ke kamun kifi ranar da ba makaranta. Na hana su tun jiya, kuma zan kai shi a duba fitsarinsa.

Na bar maganar ƙorama. Malam, zan bi naka tiryan-tiryan. Amma har yanzu ban gane abin da ya kashe na cikin tafkin kifin ba, tunda wancan ruwan burtsatse ne, ba shanu ba katantanwa.

Ɗan Kifi, Kinkinau — 2 ga Oktoba

Baba, barka da yamma. Wannan ɓangaren namu ne, shekarata 6 ina kiwon tarwaɗa.

Tarwaɗa tana haɗiyar iska daga sama, shi ya sa take rayuwa a ruwan da wani kifin ba zai kwana ba. Sai mu masu kiwo mu ga kifi na motsi mu ɗauka ruwan lafiya lau yake. Alhali in ya yi kwana 3 ba a canja ba, cike yake da kashinsu da ragowar abinci, iskar cikinsa ta ƙare, ga ɗumi. Saiwar ganyenka shaƙewa ta yi ta ruɓe, warin da ka ji ke nan. Ko da karfasa ce a ciki ba ka tsira ba, ita cinye ganyen za ta yi.

Akwai masu haɗa kifi da ganye su ci riba biyu, amma ba a cikin tafki ɗaya ba. Ana sa ƙaramin famfo mai aiki da sola ya ɗaga ruwan zuwa wani dogon kwami mai tsakuwa, ya ratsa a hankali ya koma wa kifin. Ƙwayoyin halitta da ke zama jikin tsakuwar su ke juya dattin kifin ya zama taki. Na gwada da bututun roba mai faɗi da na tsaga biyu, alayyafo da ɗoɗɗoya sun yi kyau sosai. Sai dai tarwaɗa ruwa mai ɗumi take so, da sanyi ma cin abincinta raguwa yake yi, ganyenka kuma sanyi yake so. Ban ga yadda za a faranta wa su biyun a ruwa ɗaya ba.

Shawarata Baba, ruwan da kake zubarwa in ka wanke tafki, ka juya shi wajen ayaba da masara da ganyen miya da za a dafa. Na kwaɗo a bar shi da ruwan randa.

Mai Lambu, Rigachikun — 11 ga Janairu

Assalamu alaikum. Na dawo da labari, don bai kamata ku ba ni ilimi in yi shiru ba.

Ranar 9 ga Nuwamba na shuka. Kwatarniya 3 na saya, kowace na zaunar da ƙananan tukwane huɗu a ciki. Biyu na ajiye gabas da bishiyar mangwaro, ta ukun ba wuri sai na kai ta jikin katangar kicin. Yashin na kwarara masa tafasasshen ruwa kamar yadda Likita ya ce. Rana ta 8 da asuba, na dawo daga masallaci na haska fitila sai ga kore-kore kamar an barbaɗa kuka. Na daɗe a tsugune.

Aikin ba wuya gare shi ba, naci yake so. Kullum bayan sallar asuba in ɗaga tukwanen, in juye tsohon ruwan a gindin ayaba, in goge gansakukar da ta fara kama cikin kwatarniyar, in zuba sabo daga randa. Minti 15 ne. Da tafiya ta kama ni zuwa Kano kwana 2, uwargida ta karɓa, kuma tun daga nan ba ta sakar mini aikin gaba ɗaya ba.

Ta jikin katangar ba ta yi ba. Katangar tana shan rana ta yamma ta riƙe zafi har dare, ganyen ya tsaya ƙanana, ya yi tauri, ga ɗaci. Biyun ƙarƙashin mangwaro kuwa sun cika sun zubo ta baki. Ƙurar hunturu tana kwanciya a kan ganyen, sai na riƙa yayyafa masa ruwa da yamma. A mako na 5 wasu ƙananan ƙwari kore suka taru a ƙarƙashin sababbin ganye. Ban fesa komai ba, na nutsar da tukwanen gaba ɗaya cikin ruwa kamar awa 1, ƙwarin suka taso sama na kwashe.

Ranar 28 ga Disamba muka yi yankan farko, kwano guda cike. Uwargida ta daka ƙuli-ƙuli, ta yanka tumatir da albasa. Gaskiya yajinsa ya fi wanda na ci a Ingila ƙarfi, ganyen kuma bai kai nasu faɗi ba. Ya fi lansir ɗinmu ruwa-ruwa da taushi, don haka ba ya son a cuɗa shi da ƙarfi, kuma sai za a ci ake haɗawa, in ya jima yana saki. Na kira ƙanwata ta bidiyo na nuna mata akushin. Yanzu mun yi yanka na biyu, kuma rassan da na tsoma a kofi sun yi saiwa cikin kwana 5, na cike gurbin tukwanen da suka lalace da su.

Yaron an duba shi, lafiya lau, alhamdu lillahi.

Malam, saura tambaya ɗaya. Bazara na tafe. In bar wasu su yi fure in tara iri, ko yaya zan yi in tsallakar da shi zuwa baɗi?

Tsohon Malamin Gona, Mando — 12 ga Janairu

Madalla Alhaji, na ji daɗi ƙwarai. Ƙarfin yajin da ƙanƙantar ganyen aikin zafin rana ne, ko da hunturu ranarmu ta fi tasu.

Kada ka dogara da samun iri. A Turai yana yin ƙananan fararen furanni ne lokacin da yini ya yi tsawo sosai, mu kuma a nan tsawon yini bai cika bambanta ba tsakanin rani da damina. In ya yi furen, ka bar 'yan siraran kwanson su fara bushewa ka tsinke su a cikin takarda, amma ka sani wanda ya yi fure ganyensa ɗaci yake yi. Abin da ya fi tabbas shi ne ragowar fakitin nan. Ka sa shi a kwalba mai murfi, busasshiya, a wuri mafi sanyi a gidan, ka manta da shi sai Nuwamba.

Tsallake Maris da Afrilu kuwa gwaji ne, ban yi maka alkawari ba. Ka zaɓi tukunya 2 mafi ƙarfi, ka kai su inuwa mai kauri inda iska ke ratsawa, ka naɗe kwatarniyar da jiƙaƙƙen buhun algarara, ka canja ruwa safe da yamma, ka daina yanka. In sun kai ruwan farko da ransu, damina za ta sauƙaƙa musu.

Hajiyar Unguwar Rimi — 12 ga Janairu

Alhaji barka da arziki. Tunda reshe yana kamawa, ina roƙon a ajiye mini ko guda biyar ne, in gwada kafin sanyin ya wuce. Kwatarniya ina da ita, tun ta kakata.

Mai Lambu, Rigachikun — 12 ga Janairu

Hajiya an gama. Uwargida tana shiga gari ranar Asabar, zan yanka da asuba in naɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle ta taho miki da shi. Yana isowa ki tsoma gindin a kofin ruwan randa, ki cire ganyen ƙasa kada su taɓa ruwan, ki ajiye a inuwa. Ki tafasa yashinki tun ranar Juma'a don ya huce.